Ƙarangiya

Daga Pankshin na zo, sunana Nanret.
Hausata ta kasuwar Farin Gada ce:
nawa, rage mini, kawo canji, sai gobe.
Ta ishe ni cinikin dankali da kabeji,
ba ta taɓa isata yin kuka ba.

A kemis ɗin Baba Sallau nake kwana aiki.
Ƙarƙashin kanta akwai wani littafi,
ba bango, ba farko, ɓera ya ci gefensa,
da shi muke ƙunshe ƙwaya.
Kafin in yage shafi sai na karanta,
don korar gyangyaɗi da sanyin ƙarfe biyu.

Ban zo da ƙamus ba, ban zo koyo ba.
Wani mai jaki nake bi
in ga ko zai kai gida.

A shafi na sha tara aka yi wa jakin dabaibayi.
Na tsallake kalmar kamar kwata,
na naɗe maganin zazzaɓi a cikinta,
ta hau acaɓa ta tafi Gangare.
A na arba'in, bashi ya yi wa mutumin dabaibayi.
Ashe ba abincin dabba ba ne.
Can gaba wata ta yi masa murmushi a bakin rijiya,
harshensa ya shiga dabaibayi,
sai na ji igiyar a idon sawuna.
Ba wanda ya fassara mini.

Haka sassarfa ta zo, haka marmari,
haka kewa, wadda na daɗe da ita a ƙirji
ban san tana da suna a nan ba.
Wasu sun gaishe ni sau ɗaya sun ɓace.
Har yau ban san mene ne tsumagiya ba,
na dai san ana gudunta.

Wata asuba na ce, Baba, ciniki ya yi tsamari.
Ya ajiye shayinsa, ya leƙo ta saman tabarau:
Wa ya ba ki wannan?
Na ce ban sani ba.
Ya ce a garinsu, in ka ratsa daji neman akuya,
ba ka roƙon ƙarangiya ta biyo ka,
sai ka iso gida ka gan ta a bakin wando.

Ran da aka kwantar da mahaifina a Lamingo,
ƙafar hagu ta ƙi, hannu ya ƙi,
wata mai jinya a gadon kusa ta tambaye ni jiki.
Na buɗe baki in ce da sauƙi,
sai na ji na ce: ciwon ya yi masa dabaibayi.
Ta kama hannuna, ba ta ƙara tambaya ba.

Littafin ya ƙare tun damina.
Shafin ƙarshe abokin aikina ya yage,
ya tafi da maganin tari, ina hutu.
Ko mai jaki ya kai gida, oho.
Ni dai ina nan ina tsintar bakin zanina.