Mai Wankin Riga

Tun kafin hankaki ya farka a Navsari
Baba ya rufe baki da farin ƙyalle,
kada numfashinsa ya taɓa wutar.
Icen sandal, ɗaya bayan ɗaya,
sai ƙararrawa,
duhu ya ja da baya taku guda.

Ni ce mai wanke rigar.
Toka a hannu, hayaƙi a wuya,
ruwan ɗauraya ma ƙamshi yake.

Ta bayan bango na haddace Avesta,
ina tsintar shinkafa,
ana biya wa yayana Kersasp.
Shi aka naɗa liman.
Yanzu yana Toronto yana ƙirga kuɗin wasu.

Jiya Baba ya tsaya cak tsakiyar addu'a.
Kalmar ta faɗi kamar allura a rairayi.
Daga bakin ƙofa na yi gyaran murya,
na furta ta ƙasa-ƙasa
kamar mai kiran kyanwa.

Ya cafe, ya ci gaba.

Da dare ya miƙo min rigar.
Bai ce komai ba,
sai dai na ja, na ja,
bai saki nasa gefen da wuri ba.