An Kawo Wuta a Sheffield

Talata, ƙarfe goma, yayyafi na bin tagar asibiti.
Hazel ta durƙusa gaban kujerata
tana manna mini faci shida a cinya,
kowanne da igiyarsa, kamar awakin da za a kai kasuwa.

Shekara biyu ke nan da tsani ya zame da ni a Attercliffe,
laka ta tsinke a tsakiyar baya.
Tun ranar kaina yake aike ƙasa,
ɗan aike ya isa bakin gada, ya tarar ruwa ya cinye ta,
ya juyo.
Ƙafafu suka gaji da jira, suka zube.
Wandon da na ɗinko a Funtuwa ya zama buhu,
ni kuma kara biyu a ciki.

Ta ce, "Tanimu, ka shirya?"
Na ce, "Su za ki tambaya."
Ta murɗa.

Tsoka ta zabura kamar tarwaɗa a kwando.
Gwiwa ta tashi, ba ta nemi izinina ba,
keken da ba ya zuwa ko'ina ya fara juyawa.
A unguwarmu in an kawo wuta
yara ne ke fara ihu.
Ni ban yi ihu ba. Na dai kalli ƙafafuna
kallon da ake wa ɗan da ya girma a hannun wasu.

Minti bakwai suka yi, suka sare.
Wata uku baya, rabin sa'a,
gumi har ƙeya, numfashi irin na mai noman rani.
Hazel ta zagaya cinyar da tef ɗinta rawaya:
ta ƙaru da faɗin yatsa biyu.
Ta rubuta. Ba ta ce zan tashi ba,
ni ma na daina sa ta kallon ƙasa.

Gadar tana nan a karye.
Sai dai mutanen tsallake ba su watse ba,
an kai musu hatsi ta wata hanya.

Jiya da dare Lantana na cire mini safa,
ta tsaya, tafin ƙafata a hannunta.
"Baba, da ɗumi."
Ban ji hannunta ba.
Na ce ta riƙe tukuna,
ta faɗa mini yadda yake.