Gado na Bakwai, Tromsø

Ƙarfe uku da kwata. Ba ƙararrawa ce ta kira ni ba,
kukan ƙarfen gado ne.
Na iske Halvard zaune, ƙafa ɗaya a ƙasa,
ya manta da ƙugun da aka ɗinke masa shekaranjiya,
ya damƙi igiyar ƙarin ruwa yana ja
kamar mai jawo koma cike da kifi.

"Ruwa ya ɓalle ta ƙasan jirgi," in ji shi,
"ta da yaran, a kwashe!"

Jiya da la'asar mutumin nan
ya lissafa mini jikokinsa tara, kowa da watan haihuwarsa.
Yanzu idonsa na ratsa ni kamar gilashin taga.

An ce komai nisan dare gari zai waye.
Wanda ya faɗa bai yi Disamba a nan ba.
Rana ta yi yaji tun watan jiya,
mai lafiya ma sai ya tambayi agogo,
balle tsoho mai ɗinki, cike da magani,
a ɗakin da ba nasa ba.

Ban ce masa babu ruwa ba.
Ban kuma ce akwai ba.
Na rage tsawo har idona ya zo daidai nasa,
na ajiye tafin hannuna inda zai gan shi.
"Halvard, ni ce Oddny, mai jinyar dare.
Asibiti kake. Yau Alhamis.
Na ga tsoro a fuskarka, ina nan."

Ya ɗaga hannu. Na ja da baya taki ɗaya, na jira.
Sabon ma'aikaci ya leƙo, ya raɗa mini:
"A ɗaga shingen gado? A kira likita ya yi masa allura?"
Na ce a kira shi, amma tukuna da allura.
Wanda ke ganin jirginsa na nutsewa,
in ka ɗaure shi, ka tabbatar masa.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na taɓa goshi, da ɗumi.
Leɓe ya bushe, harshe kamar ɓawo.
Na duba takarda: tun azahar bai yi fitsari ba.
Na ɗora hannu a mararsa, ga ta tam kamar ganga.
Ashe ruwan da ke neman cinye shi
a cikinsa yake.

Tabarau na cikin aljihun tebur, an kulle da takalmi.
Abin jin magana, batirinsa ya mutu.
Na sa masa duniya ɗaya bayan ɗaya:
ido, sannan kunne,
sannan hoton Gunvor da jar hularta a bakin tashar jirgi.
Fitila kaɗan, kada inuwar labule ta zama mutum.
Aka sauke masa marar. Ya ja numfashi mai tsawo.
Ya kurɓi ruwa sau uku, na huɗu ya zubo a haɓa.

Sau goma sha ɗaya ya tambaye ni ina muke.
Sau goma sha ɗaya na amsa kamar yanzu na fara ji.

Wajen ƙarfe shida ya saki igiyar da kansa.
Yatsunsa suka ci gaba da ɗaurin da babu zare,
a hankali, a hankali, har barci.

Ƙarfe bakwai da rabi, taga baƙa ƙirin,
ina miƙa aiki ya buɗe ido.
"Na yi wani abu cikin dare?" Kunya ta cika muryar.
Na ce, "Ka yi zazzaɓi, ka yi aiki tuƙuru."
Ya dubi jan tabon da ya bari a wuyan hannuna, ya daɗe.

Na rubuta wa masu karɓa ta:
zai iya dawowa da yamma.
Ku bar masa tabarau a fuska.
Ku kira Gunvor ta zo da rigar sanyinsa mai warin man inji.