Lamba Goma Sha Tara

A shagon cajin Ilu, bakin kasuwar Auyo,
akwai tsohuwar kwamfuta da ba ta barci.
Ita ke riƙe da zauren hirar manoman shinkafa,
ni nake ɗaura mata lokuta
kamar awaki a turke:
wannan a kwance shi da asuba, wancan sai la'asar.

Ƙarfe biyar: a buɗe ƙofar ruwa ta uku.
Ran Laraba: kuɗin taki.
Na sau ɗaya, in ya fita, ya mutu da kansa.
Mai maimaituwa kuwa, sai an sa hannu.

Daren jiya batir ya ƙare.
Na'ura ta farfaɗo da hantsi,
ta amayar da saƙon asuba bakwai a jere.
Barau ya bugo yana dariya: zakaranka ya makara.

Na takwas ba wanda ya yi dariya.
"Malam Tsalha, layinka ne, ka tare ruwa."
Kwana arba'in ke nan da muka kai shi makwanci.

Na buɗe jerin. Lamba goma sha tara.
Kowace Talata, babu ranar tsayawa.
Ni na rubuta haka
ran da ya ce mantuwa ta fara yi masa sallama.
Yatsana ya daɗe a kan gogewa.

Ban goge ba.
Na cire sunansa, na sa na 'yarsa Ladidi,
wadda na hango ɗazu a bakin fangali
da fartanyarsa, ta ɗan yi mata tsawo,
tana jiran ruwa.