Ranar Ruwa a Amman

Laraba ruwa ke zuwa layinsu Rudaina,
sau ɗaya a mako, baƙo mai gaggawa.
Tun Asabar take tara wanki:
rigunan Ƙusai masu maiƙon gareji,
zanen gado, safa marar 'yar'uwa.

Ba ta tada injin sai cikinsa ya cika.
Ruwan sanyi, sabulu rabin murfi,
don mita ba ta jin kunyar kowa.

Tiyon baya bokiti yake yi wa amai.
Na farko na matakala ne,
na ɗauraya na bishiyar lemun tsami.

Shanya kuwa, sai rufin bene.
Iskar duwatsun nan
ba ta taɓa aiko mata takardar biya ba.