Ba a Gayyaci Ruwan Ba

Ranar Talata suka iso Kware,
farar mota, durom shida a baya,
kowanne na motsi da 'ya'yan kifi
da ba su kai ɗan yatsan jikata ba.
Dubu ashirin, in ji takarda.
Ni dai ban ƙirga ba.

Kafin nan sai da aka yi zama uku
a gindin tsamiyar Sarkin Ruwa.
Arzika ya ce a zuba tarwaɗa, ita ke da kuɗi.
Nomau ya ce karfasa, ita ke da haihuwa.
Mai jakar ofis ya ce a raba biyu, kowa ya samu.
Aka fasa goro, aka ɗaga hannu, aka rubuta.
Kowa an ji ta bakinsa,
ban da mai masaukin baƙin.
Ba wanda ya taka zuwa gaɓa
ya tambayi ruwan ko yana da lafiya.

Shekara hamsin da ɗoriya ina kan gora.
Na san tafkin nan tun ana hango yashin ƙasansa,
tun kawara na walƙiya kamar an watsa sulalla,
tun mahaifina na ɗiba da tafin hannu ya sha,
ya shafa sauran a gemu.
Yanzu in na tsoma ƙafa
sai ta fito da koren safa.
Da asuba yana warin ƙwan da kaza ta guje wa.
Kacalla ta cinye mashigin jirage,
kainuwa ta rufe inda muke jefa birgi.

Ba zan ɗora wa baƙo laifi duka ba.
Albasar da ke fadama tamu ce.
Takin da ruwan sama ke wankowa, mu muka watsa.
Ɗana Cika, na cikina,
a nan yake ɗauraye tankin feshi da la'asar,
farar kumfa ta bi gaɓa tana lilo.
Na yi masa faɗa, ya ce,
"Baba, to ina ni ka zuwa da shi?"
Na rasa amsa.
Kuɗin albasar nan ne suka yi mini rufin ɗaki.

Aka tuntsurar da durom, aka yi tafi,
aka ɗauki hoto har da ni a gefe,
an ce in riƙe koma in yi murmushi.

Kwana tara.
Ranar ta goma na fito ban ko karya ba,
na tarar da gaɓa ta yi fari fat,
ciki sama, ciki sama, ciki sama,
kamar an zubar da shinkafar biki.
Balbelu suka sauka, suka duba,
suka tashi.
Abin da balbela ta ƙi, me zan kai wa Tumba?

Mai jaka ya dawo da 'yar kwalba,
ya cika, ya liƙa mata suna, za a kai Sakkwato a auna.
Ya ce baɗi za a kawo iri mai jurewa.
Na ce, "Yaro, ruwan ga na ba shi lahiya.
Ba a kai amarya ɗakin da ke yoyo
a ce ta yi haƙuri."
Ya rubuta wani abu. Ban san ko maganata ce ba.

Tumba ba ta kashe wutar banda ba.
Kifin ƙanƙara take saro wa daga birni,
ɗan teku, mai ido kamar na tsohon bashi,
tana shanya shi taki arba'in daga tafki.
Masu saye na tambaya, na Kware ne?
Sai ta gyara itace.

Jiya na haƙa laka a bakin gaɓa
na tarar da gaiwa ta naɗe cikin kubenta,
tana numfashi a hankali, tana jira.
Na daɗe tsugune a kanta.
Sannan na mayar da lakar,
na danna da tafin hannu,
na je neman inda Cika zai riƙa wanke tankinsa.