Shayi Na Uku

Innarka ta tsince su a aljihun wandonka,
jajaye huɗu, cikin ledar sukari.
Ba ta yi kuka ba. Ta aje min kan tabarma,
ta koma wankinta.

Zauna, Lawali. Ban ɗauko bulala ba.
Hura gawayin nan, shayi bai nuna ba.

Ka ga tabon nan na ƙwaurina?
Na ce maku garma ce ta sare ni a gona.
Ƙarya na yi.
Hanyar Ɗan Isa ce, jarka shida a kan moto,
dare, ba fitila,
idona a bushe don abin da na haɗiya.
Ni na tashi.
Ɗan Jimma da na goyo bai tashi ba.
Shekara ashirin ina kauce wa ƙofar gidansu a Bagalam.

To, na buɗe cikina.
Kada ka rantse min, na san arahar rantsuwa.
Faɗa min wa ya fara ba ka,
da abin da ke hana ka barci.

Ka yi shiru. Ba komai.
Na farko ɗaci gare shi, ai ka sani.
Ina nan har na uku.